Abin Lura: Hannuwan Peter Cushing

Duk wanda ya kalli Star Wars na farko, wanda ya fito a 1977, zai tuna wani dattijo siriri mai zurmammun kumatu, sanye da kaki, wanda ya ba da umarni aka tarwatsa duniya guda da duk mutanen cikinta, ko muryarsa bai ɗaga ba. Sunansa Peter Cushing, mutumin Ingila, an haife shi a 1913, ya mutu a 1994. Yawancin masu kallo a nan suka san shi, a nan kuma suka rabu da shi. Waɗanda suka ɗan zurfafa sun san shi da likitan nan mai harhaɗa sassan gawa a fina-finan Frankenstein, ko malamin da ke farautar Dirakula. Amma mutumin ya fito a fim wajen ɗari, kuma da yawa daga ciki ƙanana ne, na ban tsoro ko na faɗuwar gaba, waɗanda aka yi a gurguje da kuɗi kaɗan, aka nuna su mako ɗaya ko biyu, aka manta. A cikin waɗannan nake ganin abin lura.

Sai an san yadda kasuwar take kafin a gane shi. A Ingila ta wancan zamani gidan sinima kan nuna fim biyu a kan tikiti ɗaya: babba, wanda aka zo dominsa, da ƙarami, wanda ake haɗawa da shi don a cika lokaci. A 1950 kuma aka fara cire wani ɗan kaso daga kuɗin tikiti ana mayar wa masu shirya fim na cikin gida. Da wannan ƙananan kamfanoni suka samu abin rayuwa. Kamfanin Hammer ya mayar da wani tsohon gida a bakin kogin Tems, a wani wuri da ake kira Bray, ya zama wurin ɗaukar fim, kuma cikin mako shida ko makamancin haka an gama fim guda. The Curse of Frankenstein na 1957 ya ci wajen fam 65,000, ya dawo da ninkin-ba-ninkin. Abokin gogayyarsu, kamfanin Amicus, na wasu Amurkawa biyu ne, Milton Subotsky da Max Rosenberg, kuma su dabararsu ta fi wayo: sai su haɗa gajerun labarai huɗu ko biyar a fim ɗaya, su ɗauko sanannen ɗan wasa ya yi musu aikin 'yan kwanaki, su biya shi kuɗin 'yan kwanaki, amma sunansa ya hau fosta da manyan baƙaƙe.

Shi kuwa Cushing daga sama ya sauko cikin wannan kasuwa. Ya yi shekaru yana wasan dandamali, ya fito a Hamlet na Laurence Olivier a 1948, kuma a farkon shekarun 1950 yana cikin fuskokin da aka fi sani a talabijin ɗin BBC. Wasan Nineteen Eighty-Four da ya fito a matsayin jaruminsa a 1954 sai da maganarsa ta kai majalisar dokoki saboda yadda ya tayar wa mutane da hankali. Yana da shekara 43 aka fara ɗaukar Frankenstein ɗinsa na farko. Ɗan wasan da ya sauko daga irin wannan matsayi yakan so mai kallo ya san cewa shi fa ya fi ƙarfin abin da yake yi. Sai ka ga yana faɗin maganarsa a gatse, ko yana wuce gona da iri da gangan, yana ƙifta maka ido: ni da kai mun san shirme ne, yunwa ce ta kawo ni. Ka bincika fina-finan Cushing, masu kyau da munana, da wuya ka kama shi yana wannan ƙiftawar.

In kana son ka ga inda aikin yake, ka bar kallon fuskarsa, ka dubi hannuwansa. Da ƙyar yake magana hannu sake. Ko dai yana cire tabarau yana gogewa, ko yana ninke hankici, ko yana buɗe agogon aljihu, ko yana cusa taba a lofe, ko yana juya shafin littafi da ɗan yatsa guda kamar wanda ya san darajar takarda. Abin ya yi yawa har abokan aikinsa suka yi masa laƙabi da wannan ɗabi'a ta wasa da tarkacen da aka ajiye a wurin ɗaukar fim. Da zai yi Frankenstein sai da ya nemi likita ya nuna masa yadda ake riƙe wuƙar fiɗa. Mutum ne mai shan sigari, amma a wurin aiki yakan sa farar safar hannu kafin ya kunna, don kada hayaƙi ya rina masa yatsu, tunda ya san kyamara za ta matso kusa da su. Wani zai ce wannan ai fi'ili ne. Ni ban ɗauke shi haka ba.

Fim ɗin ban tsoro ƙarya ce tsagwaronta, kuma mai kallo ya san ƙarya ce tun kafin ya zauna. Babu wanda ya taɓa ganin an ciro ƙwaƙwalwar wani an dasa wa wani ya tashi yana tafiya, saboda haka babu ma'aunin da mai kallo zai auna wannan da shi. Amma kowa ya taɓa ganin mutum yana wanke hannu, yana yanka burodi, yana ƙirga kuɗi, yana neman makulli a aljihu cikin ruɗewa. Waɗannan su ne mai kallo zai iya tantancewa, ko da bai san yana tantancewa ba. In ɗan wasa ya yi su daidai, sai mai kallo ya ba shi bashin yarda a kan sauran. In ya yi su sakaka, to komai kyan dodon da aka ƙera, dariya za a yi. Haka abin yake a waje da sinima ma. Mutane ba su da hanyar gwada manyan maganganunka, na amana ko na ƙwarewa, sai ta ƙananan abubuwan da idonsu ke iya gani: ko ka zo a lokacin da ka ce, ko ka mayar da canji cif, ko ka rufe ƙofar da ka buɗe.

Fim ɗin da ya fi nuna wannan babu dodo a cikinsa, babu jini. Sunansa Cash on Demand, Hammer ta yi shi a 1961, baƙi da fari, a kan kuɗin da bai wuce fam 37,000 ba, kuma kusan gaba ɗayansa a cikin reshen banki guda aka ɗauke shi. Cushing ya fito a matsayin Harry Fordyce, manajan banki a wani ƙaramin gari, ana saura kwana biyu Kirsimeti. Tun kafin ya buɗe baki an gama gaya maka ko wane ne shi: ya tsaya a ƙofar banki ya goge allon tagullar da ke ɗauke da sunan bankin, ya shiga ya duba alƙaluman da aka ajiye wa masu ajiya, ya same su ba yadda yake so ba, ya kira babban akawunsa Pearson, wanda Richard Vernon ya fito a matsayinsa, ya wanke shi tas. Sannan ya taso masa da maganar wani ɗan kuskuren lissafi na fam kaɗan, yana yi masa barazana da aikinsa. Kowa ya taɓa aiki a ƙarƙashin irin wannan shugaba, ko ya ji labarinsa: ba ya sata, ba ya makara, ba ya kuma yafiya.

Sai ga wani baƙo mai fara'a, mai kyan tufafi, ya ce shi Kanar Gore Hepburn ne, daga kamfanin inshora aka turo shi ya duba tsaron bankin. Da suka keɓe a ofis sai waya ta yi ƙara, Fordyce ya ɗauka, ya ji muryar matarsa tana kuka. Nan Kanar ya gaya masa a hankali cewa matarsa da ɗansa suna hannun mutanensa, kuma shi manaja da hannunsa zai taimaka a kwashe kuɗin bankin a zuba a akwatuna. André Morell ne ya fito a Kanar, kuma akwai daɗaɗɗen tarihi tsakaninsu: shi ne ya azabtar da Cushing a Nineteen Eighty-Four, shi ne kuma ya yi masa Dakta Watson a The Hound of the Baskervilles na 1959. Daga wannan waya zuwa ƙarshen fim, lokacin labari da lokacin agogon mai kallo kusan tafiya ɗaya suke yi.

To, a nan ne za ka ga amfanin goge allo da duba alƙalami. Hannuwan nan da ka gani suna tsawatarwa da safe, su ne yanzu suke kakkarwa a kan makullin ɗakin ajiya. Tabarau ɗin da yake leƙen ma'aikata ta samansa, yanzu cire shi yake yi don ya share zufa. Cushing bai yi kururuwa ba, bai faɗi ƙasa yana birgima ba. Ƙananan ɗabi'un da ya gina a minti goma na farko ya riƙa rushewa ɗaya bayan ɗaya, kai kuwa kana ƙirgawa. Kuma marubucin ya ƙara gishiri mai daɗi: ɓarawon ya fi manajan sanin ma'aikatan bankin, ya san halin da suke ciki, alhali shi da ya yi shekaru da su bai san komai game da gidajensu ba. Da tura ta kai bango, wanda Fordyce ya koma yana roƙo shi ne Pearson ɗin da ya ci wa mutunci da safe. A ganina wannan ne wasan da ya fi kowane kyau a rayuwar Cushing. Amma a ƙasarsa sai a 1963 aka fitar da fim ɗin, bayan an datse shi, a matsayin na cikon lokaci.

Shekara guda kafin a yi Cash on Demand, a 1960, ya yi The Flesh and the Fiends, wanda John Gilling ya ba da umarni, kuma shi labarinsa ya faru da gaske. A birnin Edinbara na Sikotilan, a 1828, makarantun likita suna fama da ƙarancin gawar da za a koyar da ɗalibai da ita, doka kuma ta taƙaita hanyar samu. Wasu mutum biyu, William Burke da William Hare, suka gano cewa wani malamin ilimin sassan jiki, Dakta Robert Knox, yana biyan fam bakwai zuwa goma a kan kowace gawa, ba ya kuma yawan tambaya. Sai suka ga jiran mutuwa ɓata lokaci ne. Mutum 16 suka kashe. Hare ya ba da shaida a kan abokinsa ya tsira, aka rataye Burke a Janairun 1829, Knox kuwa ba a taɓa gurfanar da shi ba. Donald Pleasence ne ya yi Hare, abin ƙyama sosai, amma wanda ya fi ba ni tsoro shi ne Knox na Cushing, da fatar idonsa ɗaya a sauke, domin shi Knox na gaske agana ta lalata masa ido tun yana yaro. Mutum ne mai ilimi, mai tsabta, mai kaifin harshe, wanda yake duba gawa da ɗuminta ya yaba kyanta, ya biya, ya koma aji. Ya san abin da bai kamata ya tambaya ba, sai bai tambaya ba. Kusa da ƙarshe wata ƙaramar yarinya a titi, wadda ba ta san shi ba, ta ƙi bin sa saboda tsoron kada a sayar da ita ga Dakta Knox. Ka dubi abin da fuskar Cushing ta yi a daƙiƙun da suka biyo baya. Ba kowane mai sayen kayan sata ne yake samun yarinyar da za ta gaya masa sunansa ba.

The Skull na 1965 gwaji ne na wani iri. Rubutun fim ɗin ya gaza tsawo, sai darakta Freddie Francis ya cike gurbin da hoto, har ya zama kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarshe babu magana sai ƙalilan. Cushing ne shi kaɗai a ɗaki da ƙoƙon kan wani matacce da ya saya don sha'awar tara kayan tsibbu, ƙoƙon kuma yana neman mallake hankalinsa, wani lokaci ma ta cikin ramukan idon ƙoƙon ake nuna mana ɗakin. In ka faɗa wa wani labarin da baki, dariya zai yi. In ya kalla, ba zai yi ba. A From Beyond the Grave na 1974 kuma Cushing mai shagon tsofaffin kaya ne, da lofe a baki, yana kallon masu saye suna cutarsa: wannan ya rantse madubi jabu ne don a rage masa, wancan ya saci lambar yabo ta soja, wani ya musanya takardun farashi. Bai hana kowa ba, bai yi gardama da kowa ba, kowa dai ya tafi gida da abin da zai ci shi. Wanda ya biya kuɗin da suka daidaita a kai bai taɓa aljihun tebur ba, shi ne ya tsira.

Kada a ɗauka duk abin da ya taɓa ya zama zinariya. The Blood Beast Terror na 1968 labarin wata mata ce da ke rikiɗa ta zama ƙaton ƙwaro mai fiffike tana shan jinin maza, kuma shi da bakinsa ya ce bai yi fim mafi muni da shi ba. Gaskiyarsa. Shock Waves, wanda aka ɗauka a Fulorida ya fito a 1977, na wasu matattun sojojin Nazi ne da ke fitowa daga ƙarƙashin teku, kuma kwanaki kaɗan ya yi musu. Duk da haka, ko a cikin na ƙwaron nan, sufeton 'yan sandan da ya fito a matsayinsa yana tambayar shaidu kamar da gaske akwai gawa a ƙasa. Tela na ƙwarai in ka kai masa yadi mai arha ba ya barin zare na reto a cikin riga don ba shadda ba ce. Hannunsa bai iya ɗinki iri biyu ba. Akwai kuma lissafin da ya fi wannan sauƙi. Wanda ya sayi tikitin fim ɗin ƙwaro, kuɗin da ya biya daidai yake da na wanda ya sayi tikitin Hamlet, wataƙila ma shi ya fi jin zafin fitar da su. Mai shirya fim ne ya yi rowa, darakta ne ya yi gaggawa, marubuci ne ya yi kasala. In ɗan wasa ya rage ƙoƙari don ya rama, a kan wanda bai yi masa laifin komai ba ya rama.

Sai dai wannan hali yana da wani gefe da masu yabonsa ba su cika son taɓawa ba. Mutumin da ke yin kowane aiki da kyau, in aka ba shi mummunan aiki, shi ma da kyau zai yi shi. A Corruption na 1968 ya fito a likitan fiɗa da ke kashe mata yana yanke musu kai don ya samo abin da zai gyara fuskar budurwarsa da ta ƙone. Fim ne mai ƙazanta, shi ma daga baya bai ɓoye rashin jin daɗinsa da shi ba, amma natsuwarsa da kamalarsa su suka sa ƙazantar ta zauna da gindinta. A Frankenstein Must Be Destroyed na 1969, ana tsakiyar aiki shugabannin kamfani suka sa a ƙara wata fitowa ta fyaɗe wadda babu ita a rubutun farko, don a ƙara wa fim ɗin kasuwa. Cushing bai so ba, darakta Terence Fisher bai so ba, 'yar wasan, Veronica Carlson, ba ta so ba. Ya ba ta haƙuri, ya nuna ɓacin ransa, sannan aka kunna kyamara ya yi. Ana ba da wannan labari don a nuna kirkinsa, ni kuwa abin da nake gani a ciki daban ne. A ranar nan babu wanda ya kai shi ƙarfin cewa a'a, domin babu fim ɗin in babu shi. Kyautata aiki ba ya ɗauke wa mutum tambayar ko aikin ya cancanci a yi shi, kuma a wannan rana ladabinsa ya yi wa yarinyar nan ƙaramin amfani.

Rabin labarin mutumin nan matarsa ce, Helen Beck, wadda ya aura a 1943. Ta daɗe tana fama da ciwon huhu, ta mutu a Janairun 1971. An fara ɗaukar wani fim na Hammer da shi ke nan, kwana ɗaya tak ya yi ya bar aikin saboda jikinta ya tsananta, aka ba Andrew Keir gurbinsa. Bayan mutuwarta ya rame har kamanninsa suka sauya. A Dracula A.D. 1972 an rubuta shi a matsayin uban wata budurwa, da aka ga yadda ya tsufa cikin 'yan watanni sai aka mayar da shi kakanta. Abin da ya yi da baƙin cikinsa shi ne ya karɓi aiki, kusan duk wanda aka miƙo, don kada ya zauna shi kaɗai a gidansu na Whitstable a bakin teku. Shi ya sa fina-finansa na 1971 zuwa 1974 suka yi yawa haka, shi ya sa kuma wasu daga cikinsu suke da wani nauyi da ya fi ƙarfin labarinsu.

Tales from the Crypt na 1972 ɗaya ne daga cikin masu gajerun labarai na Amicus. An ba Cushing wani matsayi daban, ya ce shi dai a ba shi Arthur Grimsdyke, wanda ƙaramin matsayi ne. Grimsdyke tsoho ne mai kwasar shara, matarsa ta mutu, yana zaune a ɗan gidansa a unguwar da masu kuɗi suka mamaye. Yana kiwon karnuka, yana tsinto karyayyun kayan wasa daga shara ya gyara ya raba wa yaran unguwa. Maƙwabcinsa, wani saurayi ɗan masu hali, shi da ubansa, suna ganin tsohon yana rage wa unguwar daraja, suna son ya sayar ya tashi. Ba su doke shi ba, ba su zage shi a fuska ba. Sai suka sa hukuma ta kwashe karnukan. Suka sa aka sallame shi daga aiki. Suka shiga kunnen iyaye aka hana yara zuwa wurinsa. Ranar masoya kuma suka aiko masa da tarin katuna, kamar daga mutanen unguwa, kowane ɗauke da cin mutunci.

Wurin da ya zauna yana buɗe katunan nan shi ne abin kallo. Ya fara da murna, yana karanta wa hoton matarsa, wadda a fim ɗin ma Helen ake kiranta, a zatonsa an tuna da shi. Kati na farko ya ɗan tsaya, ya yi ƙoƙarin ɗaukarsa da wasa. Na gaba murmushin ya fara zamewa. Hannun da ke buɗe ambulan da ɗoki ya koma yana buɗewa a hankali, don ya riga ya san abin da ke ciki, amma ya kasa dainawa. Tsohon ya kashe kansa, bayan shekara kuma, kamar yadda irin waɗannan fina-finai suka saba, ya fito daga kabari ya ɗauki fansa. Wannan tashin daga kabari shi ne abin da aka sa a talla, shi ne kuma abin da ya fi komai rauni a labarin. Abin tsoron ya riga ya wuce tun a wurin katuna, kuma babu aljani ko ɗaya a cikinsa: maƙwabta ne, da takardar koke, da gulma, da akwatin gidan waya.

A ƙarshen 1971 ya tafi Madrid don yin Horror Express, fim ɗin Sifaniyawa da Eugenio Martín ya ba da umarni, a cikin taragun jirgin ƙasa da suka rage daga wani fim ɗin daban. Da isarsa ya gaya wa mai shirya fim ɗin, Bernard Gordon, cewa ba zai iya ba, zai koma gida. Christopher Lee, amininsa, wanda suka fito tare a fim fiye da ashirin, bai roƙe shi ba, bai yi masa wa'azi ba. Sai ya zauna ya ɗauko hirar tsofaffin ayyukansu yana ba shi dariya, har maganar tafiya ta bi ruwa, washegari aka gan shi a wurin aiki. Labarin fim ɗin na 1906 ne, a jirgin da ke ratsa Saberiya, da wata daskararriyar halitta da aka tono a Mancuriya aka sa a akwati, wadda in ta kalli mutum sai idonsa ya yi fari fat, ta zuƙe duk abin da ke cikin kansa. Shirme ne mai daɗi, Telly Savalas ma ya faɗo cikinsa can wajen ƙarshe yana ta hargagi. Abin mamakin shi ne Cushing a nan sakakke ne, mai barkwanci, yana ba ma'aikacin jirgi cin hanci don ya leƙa masa akwatin abokin hamayyarsa. Ba za ka taɓa cewa mutumin da ya so ya gudu ba ne.

Inda nake ganin an wuce iyaka shi ne The Ghoul na 1975. Ya fito a tsohon limamin coci wanda matarsa ta mutu, aka kuma yi amfani da hoton Helen na gaske a wurin da yake maganarta. Waɗanda suka yi aikin tare da shi sun ba da labarin yadda ya riƙa fashewa da kuka ana ɗauka. Wasu masu sharhi suna kiran wannan ƙololuwar gaskiya a wasa. Ni ina ganin a nan wasa ya ƙare. Grimsdyke aiki ne: mutum ya ɗauki ciwonsa ya sarrafa shi ya zama wani mutum daban mai suna daban da tafiya daban. A The Ghoul kuwa dattijo ne kawai yake kukan matarsa, kyamara na ɗauka, a cikin fim ɗin da bai kai a zubar masa da hawaye ba. Ko da shi ya yarda, ya kamata a samu wanda zai ce a dakata.

Mai karatu, in kana son ka gwada da idonka, ka fara da Cash on Demand. Bai kai awa ɗaya da rabi ba, Turancinsa a fili yake, kuma babu abin da zai hana ka kallonsa tare da iyali. Bayansa ka nemi labarin Grimsdyke, shi ne na uku a cikin Tales from the Crypt, amma wannan ka bari sai yara sun kwanta. Corruption kuwa, ka bar shi inda yake.